Garin da Rana ke Faɗuwa Tun La'asar

Duk shekara idan sanyi ya shigo, kamyon Agadas kan sauke lemu kusa da shagona na hatsi a Dakoro. Lemu ba harkata ba ce. Amma da wani ya ɓare ɗaya, ƙamshin ɓawon ya bugi hancina, sai in saki mudu, hankalina ya tafi wani ɗan gari cikin duwatsun Abzin, inda na taɓa zuwa sau ɗaya ina yaro.

Kawuna mushe ne, wato malami, a kwalejin garin. Shekarar da na ci sartifika, jarrabawar gama firamare, ya aiko a kai masa ni in yi karatu a hannunsa. Innata ta so, ni ma na so. Amma kakana, mahaifinsu, shi ke yanke magana, kuma mutum ne da ba ya sayen buhu sai ya zura hannu har ƙasa. Ya ce a bari a gama girbi, shi da kansa zai kai ni. In garin ya kwanta masa ya baro ni, in bai kwanta ba mu dawo tare.

Ka san ƙasarmu, shimfiɗe take kamar tabarma. Mai zuwa daga Azagor da raƙumi, tun yana ɗan ɗigo kake ganinsa. Shi ya sa da muka shiga tsakanin duwatsun na ji kamar an sa ni cikin tukunya. Baƙaƙe ne, tsirara, sun tokare sama. A gindinsu garin ke kwance, hayaƙin girki na lilo bisa rufin ɗakuna ya ƙi tashi. Ga lambuna shar, lemu da rumman da alkama, ga raƙumi na kai da komo yana jan guga, igiya na kuka a hankali tun safe.

Sanyin kuwa ban san irinsa ba. Da asuba kakana ya ɗauki buta ya karkata, ko ɗigo. Ya girgiza ta, ya ji ƙanƙara. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nema, nan kake son zama? Garin da ruwa ma ya ƙi aiki?"

Na ce, "Tsoho, kai dai tsufa ke damunka."

Da hantsi na ga 'yan kwalejin. Akwai wani falalen dutse bayan azuzuwa da rana ke fara taɓawa. Can suke jeruwa cikin barguna, kowa da kayensa, wato littafin rubutu, suna karatu numfashinsu na fita fari. Wani ya matsa ya ba ni wuri ba tare da ya tambayi ko ni wane ne ba. Dutsen na da ɗumi kamar bayan saniya. Na rufe ido, na ce a raina na samu gida.

Ranar Alhamis kakana ya ɗauki azuminsa, don ko tafiya ba ta hana shi. Agogo bai taɓa ɗaurawa ba. A gida yamma yake duba, rana ta taɓa ƙasa ya sha ruwa. Haka ya zauna tsakar gidan kawu yana kallo, har rana ta nutse bayan dutse, inuwa ta rufe garin. Ya yi bisimilla, ya tauna dabino, ya kora da ruwa, ya tada sallar magariba. Yana sallamewa kawu ya shigo daga aji, alli a hannunsa.

"Baba, ai da saura. Yanzu fa aka fito la'asar ba da daɗewa ba."

Matar kawu ta shige ɗaki da dariyarta. Kakana bai yi dariya ba. Ya ce in ɗaure kayana, ba zai bar jikansa inda rana ke yi wa mutum ƙarya ba.

Washegari da yamma kawu ya lallashe shi muka hau dutsen, tsoho na haki yana zagin duk wanda ya fara gina gida a nan. Da muka kai sama, garin ya riga ya yi duhu ƙarƙashinmu, har an kunna wuta. Rana kuwa ga ta nan, ja, ba ta ko yi niyyar tafiya ba. Kakana ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ashe tana nan. To, ba ita ta yi ƙarya ba. Yaro ya zauna."

Ni kuwa kudu na juya. Bayan duwatsun na hango ƙasa ta buɗe, ta miƙe, launin hatsi, ba iyaka. Ƙirjina ya saki, sai a lokacin na gane tun zuwanmu a ɗaure yake. Na kama hannun rigar tsohon na ce tare za mu koma. Kawu ya yi faɗa, ya yi roƙo. Kakana cewa kawai ya yi, "Ka ji wa ke tsufa."

Na dawo na shiga awo bayansa, har na kai inda nake. Ban yi nadama ba, ban kuma ce na yi daidai ba. Yau ga kwalej ga lise, babbar sakandare, a Dakoro, 'yata tana jami'a, kuma waya ce ke gaya wa mutane lokacin shan ruwa. Da na samu hali na gina gidana a ƙarshen gari ta yamma, inda ba abin da ke tsakanina da bakin sama. Bara wani ya yi gini yamma da ni, ya ɗora bene. Yanzu tun la'asar sakaliya inuwa ke rufe mini tsakar gida, in zauna cikinta da butata, na san rana tana nan.