Wanzamin Da Ya Kai Mu Suna Kango

Da an idar da sallar asuba, Baba Jibo Wanzami ba ya komawa gida karin kumallo. Yakan saɓa zabirarsa ya gangara bayan tashar mota a nan Gusau, inda kangaye suke, gine-ginen da masu su suka kai linta suka tsaya. A nan mutanen da 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu suke kwana, wasu kan kwali, wasu kan buhu. Sai ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa, ya wasa aska, ya ce a zo. Ba ya karɓar ko sisi. Sai hantsi ya ɗaga yake isowa gindin darbejiyar da yake yi mana aski, mu masu biya, mu yi ta ƙorafi wai tsoho ya cika makara. Mun san inda yake makarar, ba ma dai son a faɗa.

Na taɓa tambayarsa me aski zai tsinana wa wanda bai ci ba. Ya ce, "Malam, mutum in gashi ya cinye mashi fuska, ko dako ya tahi nema sai a ce mahaukaci na. In na gyara shi, sai a ce mashi sannu bawan Allah." Dogo, wani manomi daga gefen Tsafe da yanzu yake lodi a tasha, ya rantse mini sai ranar da Baba Jibo ya aske shi aka fara ba shi kaya ya ɗauka.

Manyan unguwa ma shi yake yi musu gyaran fuska, kuma tsohon ya iya zaɓen lokaci. Sai ya shafa wa mutum kumfa, aska ta sauka a maƙogwaro, sannan ya kawo maganar matan kango da ba su da wurin ɗibar ruwa. Ban taɓa ganin wanda ya yi gardama a wannan halin ba. Da haka aka buɗe musu famfon masallaci.

Mu kuwa, mutanen unguwa, ga abin da muka yi. A watan jiya muka ɗunguma wurin Alhaji Mas'udu, mai babban kangon, muka ce mutanen nan sun dame mu da hayaƙi da kukan yara, kuma wa ya sani ko akwai masu kai wa 'yan daji labari a cikinsu. Ba mu ga komai ba, zargi ne tsagwaronsa, kuma daga sahun sallah muka fito muka je muka faɗe shi. Alhaji ya ce su tashi kafin mako ya zagayo.

A cikinsu akwai Luba, wadda aka kashe mijinta a gona, ta gudo da tsohon ciki. A daidai lokacin ta haihu, a ɗakin da buhu ne ƙyaurensa. Inna Indo, matar Baba Jibo, ita ta yanke cibi. Ga ɗanyen jego, ga wa'adin tashi. Ina za ta dafa ruwan wanka, ina za ta kwantar da jaririya, bakin titi?

Ana gobe suna, Baba Jibo ya bi mu gida-gida da goro yana cewa, "Gobe da sahe akwai suna, a taru ƙofar gidana." Muka karɓa muna ta barka, a zatonmu jika ya samu. Ba wanda ya tambayi ɗan wa. Wanda ya ci goron suna kuwa ba shi da ta cewa, sai zuwa.

Da safe muka hallara, har da liman, har da Alhaji Mas'udu cikin babbar riga. Ko tabarma ɗaya babu a ƙofar gidan. Tsoho ya fito da zabirarsa ya ce, "Ku biyo ni, nan kusa na." Muna shan kwanar tasha kowa ya gane inda aka nufa. Hira ta mutu. Wasu suka fara laluben waya a aljihu, amma liman na gaba, ba damar zamewa.

Mun tarar an share bakin kangon tas, an shimfiɗa tabarmi, mutanen da muka ce a kora suna ta yi mana maraba suna jera mana takalma. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Liman ya nemi uban jaririya. Baba Jibo ya ce, "Uban ya riga mu gidan gaskiya. Uwar ta ce Hafsatu." Aka yanka ɗan bunsurun Inna Indo, aka yi addu'a, aka shafa.

To, al'adarmu ce in an shafa a tashi a yi wa maigida barka. Jama'a suka miƙe suna waige-waige, an rasa hannun da za a kama. Sai Baba Jibo ya taka har gaban Alhaji Mas'udu, ya miƙa masa hannu biyu ya ce, "Alhaji, barka. Gidanka anka haihu. Allah shi raya maka." Liman ya bi bayansa, kafin ka ce me an yi layi. Alhaji yana karɓar hannu yana amin-amin, gumi na karyo masa. Da aka gama sai ya dubi wajen ɗakin Luba ya ce, "Ta zamna ta yi arba'in ɗinta. Su duka su zamna har sannan. A zo gida a ɗauki iccen wanka."

Baba Jibo, kai ne ka rufa mana asiri ranar nan, ba Luba kaɗai ba. Kana da damar ka wanke mu tas a bainar jama'a, amma ba ka ɗaga murya ba, ba ka kira sunan kowa ba. Wanzamin marasa ƙofa, kai ne ka sa muka gaisa da maƙwabtanmu da muke ratsewa kullum kamar tulin yashi.

Askin Hafsatu shi ne na ƙarshe da ya yi. Hannunsa ya daɗe da fara rawa. Na ga yadda ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu, yana bin kan jaririya a hankali, gumi na ɗiga daga gemunsa. Da ya gama ya goge askar ya ce ya ajiye ke nan, 'ya'yansa sun matsa ya koma garinsu Furfuri ya huta.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya sa hutun nan ya zame maka lafiya. Mu da muka rage, ba sai mun iya riƙe aska ba. Mai shago ya bar rumfarsa, mai rijiya ya bar ƙofa a buɗe, mai faɗa a ji ya buɗe baki. Arba'in ɗin Luba ya kusa cika, kuma alkawarin Alhaji iyakarsa ke nan.

Jiya na same shi yana ɗaure kaya, na ce masa zan rubuta labarinsa mutane su karanta. Bai ko ɗago ba. Ya ja igiya ya ƙulle, ya ce, "To, madalla. Cikin masu karatun nan naka, ka tambaya muna: babu mai ɗakin da ba kowa ciki?"