Surukata a Bayan Babur Marar Madubi

Ranar da na sayi babur ɗina, aikin farko da na yi shi ne na kwance madubansa biyu na cusa a ƙarƙashin gado. Haka kowa ke yi a wajenmu. Wai babur mai madubi na ma'aikatan gwamnati ne da 'yan koyo. Ni kuwa da aji uku na firamare ya fi ƙarfina, ba zan yarda a ƙara min da sunan ɗan koyo ba, ga furfura a gemu.

A Babura nake zaune. Daminar da babbar 'yata ta haihu a gidana, matata ta ce ba mai yi mata wankan jego sai tsohuwa, wato uwarta, surukata, wadda ke wani ƙauye a bayan duwatsun Roni. Mota ba ta shiga can da damina. Na bugi ƙirji na ce ni zan ɗauko ta. Matata ta dube ni ta dubi babur, ta ce, "Malam, uwa ɗaya gare ni fa. Yadda ka ɗauko ta haka za ka kawo min ita."

Matata ce 'yar farin tsohuwar nan, don haka kunyar da ke tsakaninmu ba ta wasa ba ce. Shekara kusan talatin ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa ɗaga kai na dubi fuskarta ba, ita ma ba ta taɓa kama sunana ba. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake tsugunawa in gaida ƙasa, ƙasa ta amsa.

Na bi ta Kazaure, na yanki hanyar Gwiwa don kawai a gan ni a kasuwa, sannan na karyo ƙauyensu da hantsi. Aka fito da kaya: ƙullin gero na kunun kanwa, da tufafinta, da wani ƙaramin kwanon sha da aka rataya a jikin ƙullin. Ƙanen matata ya ɗaure ƙullin a tsakiyar kujera, daf da bayana, ya zama katanga. Tsohuwa ta hau can ƙarshe, ta zauna a karkace, ta riƙe ƙarfen kariya. Ni dai fuskata na gabas. Da na ji babur ya nutsa na ce wa tankin mai, "An zauna?" Ƙanen matata ya ce, "An zauna. Allah ya kiyaye."

Rana tarwai muka tashi. Hanyar ba kwalta ba ce, burji ne da ke hawa yana sauka a tsakanin duwatsu, wani wurin ma kan falalen dutse kake tafiya, taya na ƙara kamar ana wasa wuƙa. Mutumin Babura bai saba da wannan ba, mu yashi muka sani. Duk gangarar da muka zo sai in ji cikina ya riga ni sauka.

Ba mu yi nisa ba iska ta canza. Wani sanyi ya bugi wuyana, na ɗaga kai na ga hadari ya taso baƙi ƙirin daga gabas, daidai inda muka dosa. Awaki suna gangarowa daga kan dutse a guje. Mai hankali da sai ya tsaya ya nemi mafaka. Amma tsayawa na nufin ni da surukata mu raɓe a ƙarƙashin dutse ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, har Allah ya yi ɗaukewar ruwa. Na ga gara hadarin. Na murɗa totur.

Ruwa ya sauko da ƙanƙara, tana dukan goshina kamar ana jifana da tsakuwa. Hulata ta tafi, ban ko yi mata sallama ba. Jan burjin nan ya koma kunu, tayar baya tana wutsil-wutsil, birki kuma sai na taka sau biyu kafin ya tuna aikinsa. Walƙiya ta sauka kan wani dutse a hannun dama, na ji ƙaurinta a hancina. Duk addu'ar da na haddace na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Sai ga ƙorama a gindin wata gangara. Da safe na tsallake ta ƙafata ko jiƙewa ba ta yi ba, yanzu ga jan ruwa yana gudu da ganyaye. Na tsaya na dafa ƙafa a ƙasa ina auna ta da ido. Na ji babur ya ɗan girgiza, na ce a raina tsohuwa ce ke gyara zama. Na sa giya ta ɗaya, na rufe ido ɗaya, na faɗa. Ruwa ya kai min ƙwauri, salansa tana tari, amma muka fita. Har ina jin daɗi babur ya yi ƙarfi a hawan da ya biyo baya. Na ce lallai ruwan sama na gyara inji.

Ƙullin gero yana nan manne da bayana, da nauyinsa da ɗuminsa. Sau biyu na ce, "Sannunku da ruwa, Iya." Ban ji amsa ba, kuma ban yi mamaki ba, don ko a ranar Salla amsarta ba ta wuce maƙogwaro. Wuyana ya so ya juya, na hana shi.

Na hau kwalta ruwa ya tsagaita. A bakin Kazaure na tsaya wurin wani mai faci, taubashina ne, ɗan kawuna, ba ma haɗuwa sai mun zagi juna. Ya leƙo daga rumfa ya ce, "Kai, tsohon banza, wa ya tsamo ka daga rijiya?"

Na yi masa alama da ido na ce a hankali, "Rufa min asiri, da Iya nake tafe."

Ya dubi bayana. Ya sake dubana. "Wace Iya?"

"Iyar gidana mana. Surukata."

"Ni dai buhu nake gani da kwano. In ita ce ka ƙulle a ciki, to, sannunta."

Na juya. A karo na farko tun daga ƙauye na juya. Kujera wayam, ruwa na ɗiga daga ƙarfen kariya.

Ban san lokacin da na juya kan babur ba. Ina jin taubashina yana ƙwala min kira, babu dariya a muryarsa yanzu. Duk hanya idona na kan kwazazzabai. Kowane baƙin dutse sai in ga zanenta ne. Ina lissafa inda za ta iya faɗuwa, sai na tuno ƙoramar, da yadda babur ya yi sauƙi bayan na fita. Me zan ce wa matata? In ce kunya ta hana ni duba ko uwarki na raye?

Da na iso, ƙoramar ta ninka. Tana ruri, tana juya wani reshen bishiya kamar tsinke. A bakin ruwa, ta ɓangarena, ga takalmin roba wari ɗaya ya maƙale a saiwa. Na sauka, na durƙusa cikin taɓo. Na buɗe baki na yi ihun da ban taɓa yi ba, "Iya! Iya!"

Sai na ji tari daga tsallake.

Tana zaune a ƙarƙashin wani dutse mai baki kamar rumfa, ta lulluɓa da mayafi, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta kau da kai gefe ta ce wa dutsen, da ƙarfi don ruwa na ƙara, "A ce masa kada ya shigo. A jira ya janye."

Muka zauna, ita can ni nan, muna kallon ruwa ɗaya. Sai bayan la'asar ya sauka zuwa gwiwa. Na tsallaka da ƙafa, riƙe da takalmin. Na tsuguna na ajiye shi a gabanta, na ce, "Iya, ku yafe ni."

Ta ce wa takalmin, "A wajenmu in an zo ruwa, na baya sauka yake yi ya taka da ƙafa. Na sauka ina naɗe zane, sai na ga an tafi. Na bi, ruwa ya ƙwace min takalmi, na koma."

"Da kun kira ni, Iya."

"Da wane sunan?"

Na yanko sanda na riƙe kai ɗaya, ta riƙe ɗaya, muka tsallaka a hankali. Da muka iso wurin babur ta hau, amma na kasa samun zuciyar tayarwa. Na ce wa tankin mai, ba zan iya tafiya ba sai na san ana nan. Can sai na ji ta kwance kwanon shan nan, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta sau biyu.

Haka muka taho. Duk hawa, duk gangara, duk kwana, sai in ji ƙwas-ƙwas a bayana. In ta jinkirta sai in rage gudu, har sai kwano ya yi magana. A Kazaure taubashina ya fito bakin titi, ya ga mutum a baya, ya ɗaga hannu biyu sama, ban tsaya ba.

Ana kiran magariba muka shiga Babura. Matata ta fito da gudu ta riƙe uwarta ta sauke ta, tana tambayar abin da ya tsayar da mu. Ni na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Tsohuwa ta ce, "Ruwa ne." Ta shige ciki wurin jaririya.

Washegari da sassafe na sa kai ƙarƙashin gado na lalubo maduban nan biyu. Ɗaya ɓera ya yi masa fitsari, na goge na ɗaura. Abokaina a majalisa suka yi ta kirana ɗan koyo, na ce na amsa. Da aka yi arba'in ni na mai da ita gida, ina satar kallon gefen mayafinta a madubi, ita kuma ba ta fasa buga kwanonta ba har ƙofar gida.