Wutsiyar Saniya Ranar Jarrabawa

Ɗazu da hantsi ruwa ya kwashe babur ɗin da muka hau a kan kwalbatin hanyar Madachi, ni da ƙanwata, muna dawowa daga ganin makarantar da za ta zauna jarrabawa gobe a Rano. Allah ya sa mai babur ya cafko ƙanwar tawa. Warin lakar da ke jikin hijabina shi ya mai da ni shekarar da na yi tawa jarrabawar shiga sakandare.

Lokacin ko kwalbatin babu. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa. Malaminmu ya matsa mana da kalmomin Turancin nan masu amo ɗaya ma'ana daban: teku da gani, rana da ɗa, nama da haɗuwa. Ina surfe ina rera su, ina wanke-wanke ina rera su, har Goggo, yayar babana, ta ce ashe Turawa ma marowata ne, suna ɗaya abu biyu.

Ranar jarrabawa muka tarar rafi ya cika ya batse. Baffa, ƙanen babana, ya ce a mai da ni gida, baɗi ma shekara ce.

Goggo ta ce, "Kai ka yi haddar? Matsa ka ba mu wuri."

Sai ga dattijon rugar da ke bayan gonarmu zai ƙetare da shanu. Ya ce garken zai shiga ta sama ya tare ƙarfin ruwa, mu mu bi ta ƙasa. Goggo ta zuba kayan makarantata da fensir a ƙwarya ta ɗora a ka. Dattijon ya damƙa min wutsiyar wata tsohuwar saniya.

"Riƙe gam, 'yar boko. Naggen nan ta girme ki sanin rafi."

Ruwa ya kawo min ƙirji, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Ina kuka, Goggo na bayana tana daka min tsawa.

"Kar ki kalli ruwa! Teku da me?"

"Gani!"

"Nama fa?"

Haka muka fita. Na shiga aji ina warin shanu, na kuma ci.

Yanzu Goggo ta rasu. Rugar ta tashi, burtali ya zama gona. An sami kwalbati da babura, amma ka ga rafin bai san an ci gaba ba. Baffa ma yana nan yadda yake, sai furfura. Ɗazu yana ganin mu a jiƙe ya ce yarinyar nan ba inda za ta gobe.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ce, "Baffa, za ta. Yau ma kuwa. Da la'asar za mu zagaya ta titi a ƙafa, mu kwana Rano gidan ƙanwar Inna."

"Wa zai raka ku?"

"Ba kowa."

Sai ya leƙa ɗaki, yana tambayar wa ya ɗauke masa takalmi.