Ranar da Motar Yaya Ta Gasa wa Kaka Baya

Mun tashi da asuba daga Daura, ni da yayana, a cikin motar da ta hana gidanmu sakat tun ranar da ta shigo. 'Yar Kwatano ce, baƙa wuluk, mai kujerun fata, ga ta maƙale da ƙasa har kaza sai ta sunkuya kafin ta shiga ƙarƙashinta. Wani Bature ya gama cin ƙuruciyarta a ƙasarsu, amma a wurin Yaya amarya ce. Ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya tambayi ɗan gidan waye.

Baba kuwa ya ce motar da ba ta ɗaukar buhun gero abin wasa ce, a sayar a sayo mai amfani. Da Yaya ya dame shi da magiya, sai ya gindaya sharaɗi: mu je ƙauye, gaba da Babban Mutum, mu ɗauko Kaka, mahaifiyarsa, saboda sunan da za a yi a gidanmu. In ta iso ba ta yi ƙorafi ba, mota ta zauna. Kowa ya san tarko ne. Kaka na fama da ciwon baya, kuma ba a ƙera motar da za ta sauka daga cikinta ba ta wanke direban tas ba.

Daga Daura zuwa Zango, gaskiya mota ta yi mota. An yi ruwa, gero ya yi kore shar dama da hagu, Yaya ya taka ta har na ji kunnuwana sun koma ƙeya. Amma da mun iso tudun rage gudu sai jaruma ta zama tsohuwa. A karkace muke hawa, Yaya na salati. Wani dattijo a kan jaki ya wuce mu, muka wuce shi, ya sake wuce mu, har muka fara gaisawa kamar 'yan'uwa.

A Zango muka karya da koko da ƙosai, a tsaye, don an haramta ci a ciki. Mai ƙosan ta dubi motar, ta kira ni Alhaji ƙarami, nan take ƙosai ya yi tsada. Gidan mai kuwa ba a magana: motar nan tana sha kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas.

Muna barin kwalta sai ga kududdufai. Yaya ya sauke ni, ya ba ni kara, ina gaba ina auna zurfin ruwa yana biye. Ni da na zo shan iska, rabin hanyar ƙauyen a ƙasa na yi ta.

Kaka ta fito tana dogara sanda, ta zagaya motar, ta dube ni.

"Kai mijin nawa, wa ya zauna a kanta ta lotse?"

"Haka aka yi ta, amarya."

"To Allah ya ba mai ita haƙuri."

Ta sa aka loda daddawa, da kuka, da zakara guda. Yaya na kallon daddawar nan a kan kujerar fata, idonsa ya kawo ruwa.

Muka juyo, tana gaba ina baya da zakara. Ta fara: an zaunar da ita a rami, gwiwarta ta kai haɓa, sanyin motar na shiga ƙashinta. Ta dangwarar da ƙullin goronta a tsakanin kujeru, ta ci gaba. Yaya ya riga ya fara bankwana da motarsa a zuci.

Can sai ƙorafin ya tsaya cak.

"Yaro," ta ce wa Yaya, "motar nan taka zazzaɓi take yi? Kujerar ta ɗau zafi."

Yaya ya taka birki, ya fita a guje, ya buɗe gaban mota yana shinshina ko waya ce ke ƙonewa.

"Kaka, fito! Wuta ce!"

"Ba inda za ni. Tun wankan jegon ubanku bayana bai ji daɗi irin wannan ba."

Ni na ɗaga ƙullin goron. A ƙarƙashinsa ga wani ɗan maɓalli ya kawo jar wuta, da hoton kujera tana tururi. Ashe a ƙasar ƙanƙara har kujera suke ɗumamawa! Yaya mai goge mota safe da yamma bai taɓa sani ba, don wa zai nemi ƙarin zafi a Daura? Ya miƙa hannu zai kashe, Kaka ta make shi.

Kafin mu kai Zango ta yi barci, minsharinta har ya danne ƙarar injin.

Da la'asar muka iso gida. Baba na ƙofa yana murmushin wanda ya ci shari'a.

"Inna, sannu da hanya. An sha wuya ko?"

"Wuyar me? Kai kullum sai man zafi kake aiko mini. Yaron nan ya sayo mota mai jinya."

"Ai sayar da ita za a yi, Inna."

"Ka sayar da taka."

Baba ya sosa ƙeya, ya shige gida.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, in kana da shari'a da Baba, kada ka ɓata bakinka, ka nemi uwarsa. Mota ta zauna. Sai dai an yi suna an watse, Kaka ta ce ba ta ga abin gaggawa a ƙauye ba. Kullum da safe tana cikin mota a ƙofar gida, inji na aiki, tana jan carbi, Yaya na tsaye yana kallon allurar mai tana sauka, yana cewa, "A ƙara zafin ne, Kaka?"