Gishiri da Sukarin Malama Radka

Shekara talatin da ɗaya Malama Radka ta yi tana koyar da Turanci a sakandaren garinmu, kuma duk wanda ya bi ta ajinta ya san kwalabe biyun da ke kan teburinta. Iri ɗaya ne sak, ba rubutu a jiki, ɗaya sukari, ɗaya gishiri. In aka zo kan kalmomi masu kama da juna, irin accept da except, wato karɓa da warewa, sai ta ce, "A ido duk fari ne, harshe ke rabewa." Ka dace, ka lashi sukari. Ka cakuɗa su, sai gishiri a bakin cokali.

Da haka ta yaye likitoci da direbobin manyan motoci. Kwatsam aka turo sabon shugaban makaranta daga Sofiya, babban birnin ƙasar, yaron da ko gemu bai gama haɗawa ba. Wai Penka mai gidan burodi ta kawo ƙara, an lasa wa 'yarta Iva gishiri.

"Inna Radka, zamani ya canza," in ji shi. "Ko kwalaben su bar ajin, ko..."

"Ko ni? Ƙarasa mana, ɗan nan, ai bakinka ba ya ciwo."

Shekara ɗaya ta rage mata ta yi ritaya da furanni da jawabai. Ta kwana biyu tana juya maganar, ran Litinin ta zura kwalabenta a jaka, ta ajiye musu makullin aji. Malaman nan marasa kunya, rabinsu ita ta koyar, ko tari babu wanda ya yi.

Ta ce za ta ci gaba da koyarwa a kicin ɗinta, ko da mutum ɗaya ne. Mako uku shiru, har ta fara zargin kanta da wauta. Da jarrabawar shiga jami'a ta matso, sai aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Penka ce riƙe da tiren banitsa mai zafi, wato burodi mai cuku, Iva na laɓe a bayanta.

"Malama, dama wucewa muke..."

"Ta ƙofar baya? Da tire?"

"Sau biyu tana faɗuwa gwaji. Amma don Allah gishirin nan, a ɗan rage."

"Ke kin taɓa rage na burodinki don mai saye ya ɓata fuska?"

Penka ta sunkuyar da kai.

"Ajiye tiren. Iva, zauna. Gobe ki zo da duk wanda kuka faɗi tare."

Washegari su tara suka zo, kowa da kujerarsa a ka.