Goshin Horace Tuckwell

Maƙwabcina Horace Tuckwell dogo ne, ƙofar gidan gonarsu kuwa gajera. Shekara saba'in yana buga goshi a katakon samanta. Ranar da ya ɗauko zarto zai ƙara mata tsawo, sai ga ma'aikaciyar hukumar adana tsofaffin gine-gine, wai gidan ya shiga rajista, ko ƙusa ba a cirewa. Ta shafa inda katakon ya lotsa, ta rubuta cewa sassaƙar mutanen da ce.

Horace ya ce, "Yarinya, goshina ne fa ya yi wannan!"

"To Baba, ka daina, kana ɓata mana kayan tarihi."

Tun daga ranar ta taga yake shiga. Ta nan muka fitar da gawarsa, muna waƙar coci. Allah ya jiƙansa.