Sha'abanar Jamus

Tunda kun matsa sai na rubuta muku wani abu daga shekarun da na yi a maktabin nan, wato ofishinmu, kafin in ajiye aiki, bari in fara da gaskiya: akwai wawa guda ɗaya a labarin nan, kuma shi ne yake riƙe da biron. Ranar da na gane haka ba ta fita raina ba har yau. Ku yi dariya, na yafe muku, amma a hankali, ni dattijo ne mai hawan jini.

A farkon shekarun 1990 ne, ƙarshen sanyi. Lokacin maktabinmu na tafiye-tafiye a unguwar Sultana ɗaki biyu ne kacal, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da ful, wato dafaffen wake. Muƙamina mu'aƙƙib, wato mai yawo da takardu: in kwashi fasfo in kai Jidda a buga biza, in karɓo tikiti, in dawo. Ilimina aji huɗu ne na firamare a Kano, da rabin na biyar wanda na yi ta taga. Mai maktabin, Abu Haisam, shi ne kafilina, ma'ana zamana a ƙasar nan da iƙamata, takardar izinin zama, duk da sa hannunsa suke. Jikan Katsinawa ne, a nan Madina aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma ba ya yi sai ransa ya ɓaci. Idan ka ji ya ce "Ya Isa, ta'al," lafiya ƙalau. Idan ka ji "Malam Isa, zo nan," to ka fara salati.

A wannan wata mai yi mana hajz, wato kama wa matafiya kujerar jirgi da ɗakin otal, ya tafi hutu ƙasarsu. Aka ce in riƙe teburinsa. Aka ba ni tarho da na'urar fakis da kujera mai juyawa. Kafin azahar na fara kiran kaina Ustaz.

Sai ga Am Bakur, wato Baffa Bakur, babban ɗan kasuwar dabino na Ƙuba, abokin marigayi mahaifin Abu Haisam. Mutum ne wanda ko murmushi sai ya duba hukuncinsa kafin ya yi. Matarsa, Hajiya Ummu Tariƙ, yanar ido ta rufe mata idanu biyu, za a yi mata aiki a wani asibiti a kudancin Jamus. Bayan aikin likita yana so su zauna kusa na ɗan lokaci kafin ya sake duba ta ya sallame su.

Ya ce, "Ya Isa, ba na son babban birni. Ka nemo mana ƙaramin gari mai natsuwa, na mutanen kirki. Hajiya zuciyarta ba ta son firgita."

Na ce, "Ammi, ka ɗauka an gama."

Muna da wakili a can, wani mutumin Sham mai suna Nabil. Na buga masa waya. Ya ce akwai wani ɗan gari kusa da asibitin, mai tsofaffin gidaje da rafi a tsakiya, kuma wani ya fasa zuwa, an samu ɗaki guda a otal ɗin da ke bakin dandalin garin. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ka sani, makon bikinsu ne, wanda suke yi kafin su shiga azuminsu. Garin yana cika."

A nan ne ya kamata in yi tambaya. Ban yi ba, domin na riga na fahimci komai.

Ga waɗanda ba 'yan Hijaz ba: a nan, idan Sha'aban ya zo ƙarshe, dangi da abokai kan fita lambu ko bayan gari, a shimfiɗa darduma, a dafa saliƙ, shinkafar nan mai madara da romo, a gasa nama, a sha shayi, tsofaffi su ba da labarin azumin da, a yafi juna, a tarbi Ramadan da ciki cike. Ita ce sha'abana. A shekarar kuwa azuminmu da na Nasara sun kusa haɗuwa a mako guda. Da na ji "biki kafin azumi", sai na ga darduma, na ga tsofaffi, na ga shayi.

Na ce wa Nabil, "Kama ɗakin! Kuma wanda tagarsa ke kallon dandalin."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Ya ahi, ka bar mana abin da muka fi ka sani."

Da Am Bakur ya dawo karɓar takardu, na juya kujerata sau ɗaya don ya ga tana juyawa, na yi masa bayani kamar mai huɗuba. Na ce Allah ya yi musu dace, za su sauka a tsakiyar sha'abanar mutanen garin. Na ce abu na farko da Hajiya za ta gani da sababbin idanunta shi ne bayin Allah suna shirin ibada, ko da ba irin tamu ba ce. Ban tsaya nan ba. Na ba shi shawara ya tafi da kwali biyu na dabinon ajwa, ya raba musu, tunda mai shirin azumi ba abin da yake buƙata kamar dabinon buɗa-baki.

Ya shafa gemu ya ce, "Ashe har can akwai masu hankali. Barakallahu fika." Ya kusa yin murmushi, na gani da idona.

Ni na raka su Jidda, na tura keken Hajiya har bakin ƙofar shiga jirgi, na tabbatar an ɗora kwalayen dabino. Bayan 'yan kwanaki, da na sake zuwa Jidda, na biya ofishin kamfanin jirgin don karɓar wasu tikitoci. Akwai wani akawu a wurin, Antoni, Kirista ne ɗan Indiya, mun saba. Na ce bari in burge shi.

Na ce, "Na tura baƙi sha'abanarku."

Ya ce wace ce haka? Na yi masa bayani, na faɗi yankin, na faɗi makon, har da dabinon. Antoni ya cire tabarau, ya kifa kai a kan tebur. Na ɗauka kuka yake yi, sai da na ga kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi, ya jawo wata mujallar da ake sakawa a bayan kujerar jirgi, ya buɗe min tsakiya.

Jama'a, na ga abin da na gani. Fuskokin katako masu haƙora kamar na kura da hanci kamar ƙugiya. Ƙarti sanye da zanen tsofaffin mata, riƙe da tsintsiya, suna tsalle. Wasu da ƙahoni, an rataya musu ƙararrawa tun daga kafaɗa har ƙugu. Na nuna wani abu fari mai kama da balam-balam a bakin sanda, na ce wannan fa?

Ya ce, "Mafitsarar alade ce. Hura ta suke yi su riƙa bugun 'yan kallo a ka."

Na ce, "Kafin azumin?"

Ya ce, "Ai saboda azumin ne. A gama haukan duka kafin a natsu. Ga ganguna, ga giya, kuma duk a dandali ake taruwa. Ina ka ce ɗakinsu yake?"

Na kwashi tikitocina na fita. A motar Madina ban ga hanya ba, Hajiya kawai nake gani: an kwance mata bandeji, ta leƙa taga, aljani mai ƙaho ya ɗago mata hannu.

Na sake kiran Nabil. Ya ce babu ɗaki ko na ajiye tsintsiya a duk yankin, kuma sun riga sun bar asibiti sun tare. Ya tuna min da kalmomina ɗaya bayan ɗaya, har da "abin da muka fi ka sani". Na kira otal ɗin, wata mata ta ɗauka, ta yi Jamusanci, na yi Larabci, na gwada Hausa, a bayanta ina jin ƙararrawa da ganga kamar ana korar fara. Ta yi dariya ta ajiye.

Dole na faɗa wa Abu Haisam. Ya saurare ni da Larabci har ƙarshe, sannan ya tashi ya rufe ƙofa.

"Malam Isa, zo nan. Matar nan ita ta riƙa yi min wanka ina jariri da uwata ba ta da lafiya. Idan wani abu ya same ta, ni da hannuna zan yanka maka tikitin Kano. Huruj niha'i."

Huruj niha'i, ga wanda bai sani ba, fita ce wadda ba dawowa. Iƙamata kuma a watan Shawwal za ta ƙare, ga mata da yara a unguwar Al-Sih. A tamu sha'abanar ta shekarar, abokai suka kai ni wani lambu, aka sa min saliƙ a gaba yana turiri, ban ci ko loma ba. Suka ce tsoron Allah ne ya kama ni da wuri. Na bar su a haka.

Sun dawo azumi yana da 'yan kwanaki. Saƙo ya zo: Am Bakur yana neman Abu Haisam da Isa buɗa-baki a Ƙuba. Muka tafi a motar maigida, ko rediyo bai kunna ba. Aka sha ruwa, aka yi magariba, aka kawo shurba, wato romon hatsi, da sambusa. Ina ɗaukar cokali, sai Am Bakur ya dube ni.

"Ya Isa. Masu shirin ibadar nan naka."

"Na'am, Ammi."

"Na sauko zan sha iska, wata tsohuwa mai gemu a ƙarƙashin fuskar katako ta fizge min hula da tsintsiya. Ta gudu da ita. Da ta dawo min da ita, cike take da yagaggun takardu. Har yau ina tsintar su a aljihu."

Na ajiye cokalin. Na fara tunanin abin da zan sayar da abin da zan ɗaure a akwati.

Sai dariya ta fashe daga bayan labule. Hajiya ta fito da kanta, ba mai riƙe mata hannu, ta ja mayafi ta zauna a bakin ƙofa, ta dube ni tar.

"Ashe haka kake, Isa? Da muryarka na ɗauka dogo ne."

Ta ce ranar farko da ta leƙa taga ta yi a'uziyya sau ba adadi. Sai ta lura wani dodo ya durƙusa yana ɗaure wa 'yarsa igiyar takalmi, ƙahonsa yana ta faɗowa. Daga nan ta jawo kujera.

"Rabona da ganin babba da hankalinsa ya mai da kansa dodo don mutane su yi dariya, tun tashe a ƙauyenmu a ƙasar Hausa, kafin iyayena su taso da ni a ƙafa zuwa nan. Na ɗauka ba zan ƙara gani ba. Na ɗauka ma ba zan ƙara ganin komai ba."

Idan shaye-shayen ya yi yawa, ta ce, sai su rufe taga su yi sallarsu. Mai mafitsara kuwa bai kai hawa na biyu inda ɗakinsu yake ba. Dabinon fa? Mai otal ta bayyana musu da hannu cewa a azumin garin ba a buɗa-baki, wasu ma kayan zaƙi suke bari. Sai Hajiya ta ce to su ci tun yanzu. Ta riƙa watsa musu ajwa ta taga, dodanni suna cafewa suna cusawa ta ƙarƙashin katako, suna rusuna mata. Kafin bikin ya ƙare duk ayarin da ya zo wucewa sai ya tsaya ƙarƙashin tagarta ya kaɗa ƙararrawa.

Am Bakur ya ce, "Ajwa mai daraja ta ɗaya." Amma gefen bakinsa ya motsa.

Abu Haisam ya juyo ya ce, "Kul, ya Isa." Wato in ci, kuma da Larabci. Ban taɓa jin daɗin harshen nan kamar ranar ba. Na cinye sambusa har da ta gabansa.

To ku masu tebur yanzu, ga abin da na tsinta. Idan wakili ya ce maka "amma ka sani", ajiye biro ka tambaye shi: me ake yi, su wa ke yi, a ƙarƙashin wace taga. Kada ka ji sunan abu ka zana masa hoton gidanku. Kuma matafiyin ma kada ka yanke masa hukunci daga keken da ka tura shi a kai. Sau biyu na yi kuskure a tafiya ɗaya: ban san garin ba, ban san tsohuwar ba.

Da na tsaya a nan da na fita da mutuncina. Amma ciki ya cika, iƙama ta tsira, sai Ustaz ya dawo. Na gyara zama na ce, "Ai Hajiya, mu ma'aikatan safara muna karantar mutum. Tun da na gan ki na san irin wurin da zai dace da ke. Da sanina na zaɓa."

Ta dube ni da idanun nan sababbi, daga hula har silifa.

"Isa, ni tawa yanar a ido take, an cire. Da na san taka a ina take, da na roƙi likitan ya haɗa mu kuɗi ɗaya."